Wuyar da na sha kafin na kama siginar Turai a dogon zango daga Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na ɗora hoton nan a status ina zaune a sahara da laftof a kan cinya da waya miƙe a ƙasa mutane ke ta damuna da tambaya, wani ma cewa yayi ko zinare nake nema. To ba zinare bane, rediyo ne, kuma tunda mutum biyu sun ce suna so su gwada gara in faɗi yanda nawa ya kasance tun daga farko, dan kuɗin da na ɓarnatar da baccin da na rasa sun isa ace wani bai sake maimaita su ba.

Ni mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a nan Jidda, na haura shekara goma a wannan sana'ar. Son rediyo kuwa gado nayi, mahaifina Allah ya jiƙansa a Kano baya rabuwa da rediyonsa, da asuba BBC, da rana Jamus, da yamma ya murɗo Kaduna a 6090 gajeren zango. A jikin rediyon nan akwai wani gurbi da aka rubuta LW, duk sanda na faki idonsa na murɗa can ba abinda nake ji sai shuuu. A 2022 na shiga kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh neman kayan aiki sai naga wata tsohuwar rediyo mai irin wannan gurbin, na saya riyal 40 dan tuna baya kawai, na kawo gida na murɗa, nan ma ba komai sai wani ƙugi kaman ana aikin walda. Abun ya tsaya min a rai. Da na bincika sai na gane dogon zango kenan, daga kilohaz 153 zuwa 279, kuma ashe akwai tashoshi a wajen, nisa ne kawai. Jami'ar Twente a ƙasar Holan suna da rediyon da suka haɗa da intanet kowa zai iya shiga ya murɗa kyauta, a nan na fara jin Polan a 225, Romaniya a 153, Aljeriya a 252, da tashar RTL mai Faransanci a 234. Nace to wallahi sai na ji su da eriyata a Jidda ba da ta wasu ba.

Kuskuren farko gaggawa. Naga kowa na maganar wata 'yar na'ura kaman filash mai suna RTL-SDR da ake sokawa a kwamfuta ta zama rediyo, ban karanta komai ba na biya wajen riyal 150, bayan kwana shida ta iso. Na'urar lafiyarta ƙalau, FM tar kaman mai maganar na ɗaki, amma ƙarshen saukarta wajen kilohaz 500 ne, ni kuma duk abinda nake nema yana ƙasa da haka. Laifina ne, an rubuta a jikin tallan ni ne ban duba ba.

Allah da ikonsa cikin watan Oktoba aka turani gyara gidan wani dattijo Balarabe a arewacin gari, ina hawa sama inda injinan suke sai naga eriyoyi iri iri kaman ofishin sadarwa. Da na gama aiki na kasa haƙuri nace Ammi (wato baffa, haka nake kiransa) dan Allah waɗannan na meye, ya dube ni yayi dariya yace kai ne mai gyara na farko da ya tambaya, sauran sai dai su rataya jakarsu a jiki. Ya shigar dani ɗakinsa aka kawo gahawa da dabino, mukayi kusan awa biyu har mai kula da mu a wajen aiki ya fara kira. Shi mai lasisin rediyo ne, yana magana da mutane a ƙasashe ta eriyoyin nan, yace alamun kiran Saudiyya, wato lambobin da masu lasisi ke bayyana kansu da su a iska, da HZ ko 7Z suke farawa. Da na gaya masa abinda nake so sai yace ɗana kai ka zaɓi mai wuyar, ya nuna min cewa banda tashoshin watsa labarai akwai 'yan sha'awa irinsa da aka ba wasu 'yan guraben can ƙasa, ɗaya daga 135.7 zuwa 137.8 da ake ce ma mita 2200, ɗaya kuma daga 472 zuwa 479 wato mita 630, kuma ƙarfin da eriyarsu ke fitarwa wat ɗaya ne ko 'yan kaɗan, ko kwan fitilar firji ya fi shi. Sannan ya ja min kunne sosai. Yace watsa sigina ba lasisi kar ma in yi mafarkinsa, hukumar sadarwa da sararin samaniya da fasaha ce ke da wannan hurumin, kuma shi kansa mai lasisi ba zai watsa sigina a 472 zuwa 479 ba, dan tun a taron rediyo na duniya na 2012 da aka ba 'yan sha'awa gurbin, Saudiyya da Sudan da Masar da wasu ƙasashe suka sa aka rubuta cewa banda su, jiragen ruwa da na sama suka bar wa wajen. Yace ka sayi wadda take karɓa kawai, ka tambayi hukumar kafin kayi oda, kuma duk takardar da ta zo da na'urar ka adana ta kaman igamarka, wato takardar zamanka a ƙasar. Na farko da na uku na bi, na tsakiyar ne nayi kunnen uwar shegu da shi, kuma na gani a ƙwaryata.

Ranar da nayi odar ba zan manta ba dan ranar ce Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1, 22 ga Nuwamba 2022, gari ya ruɗe da hon washegari aka bada hutu, ni kuma cikin wannan murnar na danna biya. Airspy HF+ Discovery na saya, tana sauka har ƙasa da kilohaz ɗaya, dala 169 wato riyal 634 kenan, da kuɗin kawowa ya kusa 740. Bayan kwana biyu aka yi ruwan nan da ya cika titunan Jidda, nayi zaton shi ya tsaida kayan. Sati ɗaya, sati biyu, in na duba lambar bin kaya sai inga ya iso ƙasa amma baya motsi. Sai ga saƙo daga kamfanin kawo kayan wai in turo kwafin igama, da fatura wato rasit, da adireshin ƙasa, da takardar da ke bayanin na'urar. Nan fa cikina ya ɗuri ruwa, kun san halin baƙo a ƙasar mutane, ko saƙon banki ne ya shigo sai gabanka ya faɗi balle ace na'urar sadarwa. Daren nan ban yi baccin kirki ba, Maman yara tace Abban yara in abun zai ja mana magana ka bar musu kayan mana, nace bari dai in gwada. Na tura uku na farko, takardar bayanin kuma na ɗauki hoton shafin tallan na tura, suka dawo min da ita suka ce ba wannan ba. Na kira Ammi, yace ka shiga shafin masu ƙera ta ka sauko da takardar bayanan fasaha, ka ja layi a inda aka nuna cewa karɓa kawai take yi bata watsawa. Haka nayi. Na kira layinsu sau huɗu, kowane kira sai ka sake bada labari daga farko ga sabon mutum, har na haddace lambar kayan kaman karatun allo. Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka ce in biya harajin kashi 15 da wani ɗan kuɗin aikinsu, duka dai na'urar ta tsaya min wajen riyal 870, ta shigo hannuna 20 ga Disamba. Ba wanda ya kira ni wani ofishi, ba wanda ya tuhume ni, tsoron nawa ne kawai, amma da na tanadi takardar tun farko da an rage min sati biyu.

Sai maganar eriya. Na sayi wata 'yar ƙarama da ake ce ma Mini-Whip, wani ɗan Holan ne ya ƙirƙiro ta, irinta ce ma a Twente ɗin, riyal 120, tsawonta bai kai tafin hannu biyu ba amma sai an ɗaga ta sama. Mu kuma a hawa na biyu muke a imara, wato bene, mai hawa huɗu, makullin sama yana hannun haris, wato mai gadi. Haris yace shi ba ruwansa sai mai gida ya yarda, mai gida kuma sai ƙarshen wata yake leƙowa. Na jira shi kwana tara. Da ya zo tambayarsa biyu ce, zai taɓa dish ɗin mutane? kuma za'a huda bango? Nace ko ɗaya, na ƙara da cewa zan wanke masa mukayyif ɗin majalisinsa kyauta, nan take yace haris ya bani makulli.

Daren farko na haɗa komai, na buɗe manhajar SDR# hannuna har rawa yake, na sauka 225. Abinda na gani a allon ba zan iya kwatanta shi ba sai dai ince kaman shingen kara, layuka a tsaye reras daga farkon zangon har ƙarshe, sautin kuma irin ƙugin tsohuwar rediyon Haraj ne sak. Riyal dubu da ɗoriya na kashe dan in ji abinda rediyon riyal 40 ta riga ta jiyar dani. Abu ɗaya da ya hana ni jefar da kayan shine 518, inda ake aika wa jiragen ruwa sanarwa da ake kira NAVTEX, na sa manhajar fldigi ta fassara sai ga rubutu yana fitowa harafi harafi, ya fara da ZCZC ya ƙare da NNNN, gargaɗi ne ga masu tafiya a Bahar Maliya. Ba nisa bane, amma ya nuna min kayana lafiya suke.

Ammi yace kafin ka zargi na'ura ka kashe gidanka tukuna. Wata Juma'a bayan yara sunyi bacci na cire laftof daga caja, na sa eriyar a batir, naje ɗablon, wato akwatin wuta, na sauke wutar gidan gaba ɗaya. Kusan rabin layukan suka ɓace. Na dinga maida su ɗaya bayan ɗaya ina lura, cajar laftof ɗina ce ta fi kowa, sai wasu fitilun LED masu araha da na sa a falo, sai kuma, nan ne kunya ta kama ni, mukayyif ɗin inbata da ni da hannuna na ɗaura ina ta yabonsa wai baya shan wuta. Duk wani abu da ke yanka wuta da sauri dan ya rage ta ko ya juya ta, to yana feso ƙara a daidai inda nake saurare. Maman yara ta fito cikin duhu tana fifita da kwali tace yanzu saboda Allah Turawan da ko yarensu baka ji su zasu sa mu kwana a zafi? Na maida mata wuta. Sauran rabin ƙarar kuma ta maƙwabta ce, a saman imarar kaɗai akwai injinan mukayyif sun fi ashirin, wasu ma ni na ɗaura su. Na sayi zobban ferait masu rage ƙara na naɗa kebul a jiki, na lanƙwasa ragowar bututun jan ƙarfe na wajen aiki nayi eriya mai zobe faɗin mita ɗaya, dan ita zobe in ka juya ta akwai ɓangaren da take toshe kunne, sai ka saita wannan ɓangaren wajen ƙarar. Ya ɗan taimaka, har na fara ganin wani siririn layi a 252, amma murya babu. Ina cikin wannan faman ne RTL ta kashe tasharta ta 234 a farkon Janairun 2023, tana kan iska duk kwanakin da na'urar ke hannuna amma ban taɓa jinta da eriyata ba, kuma ba zan ƙara samun dama ba. Wannan ya min ciwo fiye da kuɗin.

Daga nan na haƙura da gida. Na samu wani abokina ɗan Damagaram mai mota, nace mutumina zaka kaini daji in saurari rediyo, yace indai da shayi da nama ko ina ma muje. Muka nufi wajen garin Usfan da ke arewa da Jidda bayan la'asar, muka saki kwalta muka shiga ciki har muka daina ganin turakun wuta. Na sayi siririyar wayar wuta mita 200 riyal 90, na shimfiɗa ta a ƙasa kawai ba sanda ba komai. Ita irin wannan eriyar ta fi jin abinda ke zuwa daga inda ta miƙa, kuma abun daɗi daga wajen Usfan in ka juya wa alƙibla baya to Italiya kake kallo, dan haka bayan mun idar da magariba na bi bayan dardumar na ja wayar. Dole sai dare, dan da rana akwai wani rufi da hasken rana ke haɗawa a sama wajen kilomita 60 zuwa 90 yana shanye ƙarfin siginar, in rana ta faɗi sai ya watse siginar ta samu ta doki sama ta dawo ƙasa can nesa. Kuma sanyi ya fi, dare yafi tsawo sannan tsawa tayi ƙasa, dan kowace walƙiya ko a wata ƙasa akayi ta sai kaji ƙarar ta a kunnenka.

Da na kunna sai naga allon yayi baƙi wuluk har na zaci wani abu ya cire, ashe haka shiru yake. Wajen ƙarfe tara na murɗa 153, sai ga kiɗan gargajiyar Romaniya, kusan kilomita 3000, yana tashi yana faɗuwa. 225 ga Polan, 252 ga Aljeriya da Faransanci, 171 ga Medi 1 daga Nador a Maroko sama da kilomita 4000. Na cire abin kunne na miƙa wa abokina, ya saurara yace to me suke cewa, nace nima ban sani ba, ya girgiza kai ya koma wajen gashinsa. Amma 'yan sha'awar da nazo dominsu ko ɗaya ban samu ba. Su ba murya suke aikawa ba, wani tsari ne mai suna WSPR da Joe Taylor, masanin kimiyyar nan na Amurka da ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar a 2008, sigina ce da sau da yawa kunne baya jinta, tana ɗaukar kusan minti biyu tana faɗin alamar kira da wuri da ƙarfi kawai, manhajar WSJT-X ce ke tsamo ta daga cikin shuuu. Na saita 474.2 a tsarin karɓa da ake ce ma USB yanda aka ce, ina ganin wasu 'yan zare zare a allon amma ba rubutu.

Muna haka sai ga fitilar mota, dauriyya ce, wato 'yan sintiri. Suka yi sallama suka tambayi me muke yi da waya a ƙasa. Nan ne maganar Ammi ta min rana, na ciro igama da fatura da takardar nan da na ja wa layi, na kuma sa wa ɗayansu abin kunne yaji kiɗan. Ya duba takardun da tocila, ya tambaya ko tana aikawa nace a'a karɓa kawai, yace kar mu bar wayar a nan in zamu tafi saboda raƙuma da motoci, suka wuce. Minti goma ne amma ƙafata bata daina rawa ba har muka shiga gari.

Washegari na gano matsalar, agogon laftof ɗina ya yi latti da daƙiƙa bakwai. Shi WSPR kowa a farkon minti mai cika biyu biyu yake farawa, in agogonka ya kauce fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu manhajar bata gane komai. Tafiyar awa ɗaya da rabi da man mota da nama duk saboda daƙiƙa bakwai. Sati biyu bayan nan muka koma, na daidaita agogon da intanet ɗin waya kafin mu saki kwalta, na sa abokina ya kashe mota ya cire cajarsa dan itama tana ƙara. Har sha ɗaya ba komai, sanyi ya fara shiga ƙashi. Sha ɗaya da minti arba'in da biyu sai layi ɗaya ya faɗo, alamar kira mai farawa da I, Italiya, ƙarfinta -27, wato tana can ƙarƙashin shuuu ɗin nesa ba kusa ba. Wani mutum a bayan gidansa sama da kilomita 3000 da 'yar wutar da bata kai ta tocila mai kyau ba. Wallahi sai da nayi kabbara, abokina ya zabura yana tambaya ko kunama ce. Kafin ƙarfe uku na samu guda biyar, har da biyu daga Jamus. Na kuma sauka 77.5 naga agogon Jamus DCF77 da ke kusa da Farankfot yana bugawa duk daƙiƙa, in ya zo ta 59 sai ya tsallake, na zauna ina ƙirgawa kaman yaro.

Wanda zai fara, ni dai da zan sake ga yanda zanyi. Zan yi wata guda a rediyon intanet na kyauta in san yanda kowace sigina take a ido da kunne, dan in baka san kamannin abu ba ko ya wuce ta gabanka ba zaka gane shi ba. Zan tambayi hukuma kafin oda, in sauke takardar bayanan fasaha in buga ta biyu, ɗaya a gida ɗaya a jakar kayan tare da fatura. Zan duba ƙarshen saukar na'ura kafin in biya. Kafin in sayi eriya ko ɗaya zan ari ƙaramar rediyo mai batir in zaga gidan da saman imara inji yawan ƙarar, in tayi yawa ba sai na wahalar da haris da mai gida da iyalina ba, kuɗin Mini-Whip da ferait su tafi a man mota. Wayar riyal 90 a ƙasan sahara ta yi abinda duk sauran basu yi ba. A nisanci filin jirgi da duk wani wuri mai shinge ko allon gargaɗi, a tafi mutum biyu, a tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Kuma in tashar watsa labarai kake so ka ji kar ka ce sai baɗi, bayan RTL ita ma ta Ailan da ke 252 ta rufe a Afrilun 2023, Faransa tun ƙarshen 2016 ta cire shirye shirye daga 162 ta bar siginar agogo kawai.

Mita 2200 kam har yau ban samu kowa ba, na kwana uku a kan 136.0 ba ko layi ɗaya. Ammi yace wayar tayi gajarta, tunda tsawon zangon kansa ya haura kilomita biyu mita 200 ba komai bace a wajensa, dan haka na ƙaro wasu 300 na haɗa, suna naɗe a but ɗin motar abokina yana ta mitar sun cinye masa wajen taya.